Ya ake shirya sabon mai gabatarwa kafin a damƙa masa shirin gasa na talabijin?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar wani aiki za mu yi wanda in kana kwance a gida kana kallo sai ka ce haba, ai ko ni zan iya. Mai gabatar da shirin gasa a talabijin, mutumin nan da ke tsaye da kwat ɗinsa yana karanto tambaya, yana ɗan raha da ƴan gasa, a ƙarshe ya sanar da wanda ya ci kuɗi. Toh in wanda ya shekara talatin ko arba'in yana wannan aikin ya tashi sauka, ya ake yi da wanda zai gaje shi?

Mu ɗauki Wheel of Fortune na Amurka. Pat Sajak ya karɓi shirin a ƙarshen 1981, bai sauka ba sai watan Yunin 2024, ya gabatar da shiri sama da dubu 8. Tun Yunin 2023 ya sanar zai yi ritaya, kuma a cikin watan aka ce Ryan Seacrest ne zai gaje shi, amma shirin Seacrest na farko bai fito ba sai 9 ga Satumban 2024. Ku lissafa, sama da shekara guda kenan. Kuma Seacrest fa ba ɗan koyo bane, tun 2002 yake gabatar da gasar waƙa ta American Idol, ga rediyo, ga shirye-shiryen kai tsaye, kamara ba ta ba shi tsoro. Toh me ya rage masa da zai koya har na tsawon wannan lokacin?

Wasan kansa. Ga yadda yake ga wanda bai taɓa gani ba: akwai jimla a ɓoye a allo, ƴan gasa uku, kowa in layi ya zo kansa ya juya wani ƙaton faifai, inda ya tsaya ga kuɗin da ke wurin, sai ya faɗi baƙi ɗaya, in akwai shi a jimlar a ninka masa kuɗin sau adadin da harafin ya fito. Wasali kuma saye ake yi, dala 250. Akwai gurbin da in ka faɗa duk abin da ka tara a zagayen ya zube, akwai wanda layi ke tsallake ka. Da sauƙi ko? Yanzu sa kanka a wurin mai gabatarwa. Cikin daƙiƙa biyu dole ka ga inda faifan ya tsaya, ka faɗi kuɗin, ka ji harafin da aka kira da kyau saboda wasu haruffan suna kama da juna a kunne, ka san ko an riga an kira shi, ka faɗi guda nawa ne, ka san layin wa ke biye, kuma duk wannan fuskarka a sake kamar ba abin da kake lissafawa. In ka tsaya tunani ko na daƙiƙa ɗaya mai kallo zai gani.

Shi ya sa horon kusan duk maimaici ne. Seacrest da bakinsa ya faɗa cewa ya zauna ya kalli tsofaffin shirye-shirye ba adadi, sannan sun yi watanni suna wasan gwaji a garuruwa daban-daban duk inda aiki ya kai shi, a ɗakunan taro, da faifan wucin gadi da mutanen da ke zama a matsayin ƴan gasa. Amfanin irin wannan gwajin shi ne ana iya jefo maka matsala da gangan, wani ya kira harafin da aka riga aka kira, wani ya faɗi amsa ya cinye kalma ɗaya, wani ya daskare ya ƙi magana, a ga ya za ka yi. Kamar koyon tuƙi ne, sai ƙafa ta daina neman inda birki yake sannan ido ke samun damar kallon hanya, hanyar kuwa a nan su ne ƴan gasa.

Yanzu mu leƙa Jeopardy!, wani shirin gasar tambaya da amsa na Amurka inda wanda ya riga danna maɓalli shi ke amsawa, don a nan ne za ku ga abin da ni ya fi burge ni. Alex Trebek ya riƙe shirin daga 1984 har rasuwarsa a Nuwamban 2020. A kowane shiri akwai tambayoyi har 61 in an samu an gama su duka, kuma a rana ɗaya ake naɗar shiri biyar, na mako guda kenan, ana canza kaya tsakani don mai kallo ya ɗauka wata rana ce. Kun ga tambaya kusan 300 a wuni ɗaya, cike da sunayen garuruwa da mutane na Faransa, Rasha, Japan, ko'ina. Trebek da sassafe yake zuwa ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana sa alama a inda zai ja murya da inda zai tsaya, yana duba yadda ake furta abin da bai tabbatar ba. Duk wanda zai gaje shi sai ya koyi wannan zaman na safe, ba wanda ke ganinsa a talabijin amma shi ne rabin aikin.

Ga kuma inda abin ya fi daɗi. A shirin, ɗan gasa ba ya iya danna maɓallinsa sai mai gabatarwa ya gama karanta tambaya, wani ma'aikaci ne ke buɗe maɓallan daidai lokacin da kalmar ƙarshe ta fita, in ka yi gaggawa ka danna kafin nan sai a kulle ka na kwatan daƙiƙa, wanda ya isa wani ya riga ka. Ƴan gasa kuwa galibi duk sun san amsa, abin da ke raba su shi ne wa ya fi kama lokacin. Toh da me suke kama shi? Da salon muryar mai karatu. Mutane sun yi shekaru suna atisaye a gida da muryar Trebek, sun san yadda yake sauke jimla. In sabon mutum ya zo yau ya yi sauri gobe ya ja, ko ya yi tuntuɓe a tsakiyar tambaya, ba kunnen mai kallo kaɗai ya ɓata ba, ya taɓa sakamakon gasar da kuɗin mutane. A 2021 da aka yi ta kawo baƙin masu gabatarwa, wannan ya yi mako biyu wancan ya yi ɗaya, ni dai a ganina ƴan gasa aka fi wahalarwa. Matt Amodio da ya ci wasa 38 a jere a shekarar, a hannun masu gabatarwa daban-daban ya yi su, kowanne da nasa salon karatun.

Sai agogo. Shirin rabin awa in an cire talla bai fi minti 22 ba, akwai mai ba ka alama daga gefen kamara, yi sauri, ja kaɗan, tafi talla. Wannan duk wanda ya yi talabijin ya san shi, ba sai mun daɗe a kai ba.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne doka. A shekarun 1950 an kama wasu shirye-shiryen gasa a Amurka, irin su Twenty-One, suna ba wanda suke so amsa a ɓoye, abin ya kai har gaban majalisa, a 1960 aka mai da maguɗi a irin wannan gasa laifi a dokar tarayya. Tun daga nan ake raba ƴan gasa da duk wanda ya san amsoshi kafin a fara naɗa, kuma akwai masu sa ido. Don haka ana koya wa sabon mai gabatarwa ya riƙe fuskarsa, kar gira ta motsa in mutum ya kusa dacewa, kar ya ce "ka tabbata?" ga wani ya ƙi cewa ga wani. In amsa ta zo da shakku kuma ba shi ke yanke hukunci ba, akwai alƙalai a gefe, ya koyi juyawa gare su ba tare da wasan ya mutu ba.

Sannan ƴar hirar nan da ƴan gasa, wadda ake ba shi kati da ɗan bayanin kowa. Mutum ne da wataƙila bai taɓa tsayawa gaban kamara ba, hannunsa na rawa, kai kuma kana da ƴan daƙiƙu ka sa ya saki jiki. Wanda ya saba shi ne tauraro a nan yake shan wuya, don dole ya bar wani ya haska. Haka in mutum ya yi asarar dala dubbai a juyi ɗaya, ko ya ba da amsar da ta sa kowa dariya, me za ka ce masa da ba zai zama izgili ba kuma ba zai tsai da shirin ba? Sajak ya iya wannan da guntun barkwanci, amma nasa ne, in wani ya ara sai ya fito banbaraƙwai.

Masu shirin kuma suna rage wa sabon kaya ta hanyar barin sauran abubuwa yadda mai kallo ya san su. Vanna White, mai buɗe haruffa a Wheel of Fortune, tana gaban allon tun 1982, an bar ta tare da Seacrest. Da Drew Carey ya gaji Bob Barker a The Price Is Right, shirin gasar cankar farashin kaya, a 2007, bayan Barker ya shekara 35, ya tarar da ƙananan wasanni sama da 70 da sai ya haddace dokar kowanne, kuma ya ci gaba da rufe shirin da kiran da Barker ya saba yi na a yi wa karnuka da kyanwoyi aikin hana haihuwa.

Akwai kuma matakin da in aka yi sakaci da shi duk horon ya tashi a banza, wato binciken mutum kafin a sanar da sunansa. A Agustan 2021 aka ce Mike Richards, wanda shi ne babban furodusan Jeopardy! a lokacin, shi zai gaji Trebek. Ko kwana goma ba a yi ba aka tono wasu maganganun cin fuska da ya taɓa yi a wani shirin sauti na intanet, ya sauka bayan ya naɗi shiri biyar kacal, na rana ɗaya. Daga nan aka raba aikin tsakanin Mayim Bialik da Ken Jennings, har zuwa Disamban 2023 da Jennings ya zama shi kaɗai. Shi kuwa Jennings ba daga gidan talabijin ya taso ba, ɗan gasa ne da ya ci wasa 74 a jere a 2004, don haka ya san me mai riƙe da maɓalli ke jira ya ji a muryar mai karatu, kuma tun Satumban 2020, Trebek na raye, aka riga aka ɗauke shi cikin furodusoshin shirin a matsayin mai ba da shawara.