Makiyayin da ya mayar da gashin tumaki makaranta

Jama'ar Damagaram, salamu alaikum. Ranar Alhamis in ka leƙa kasuwar dabbobi, za ka ga dillali ya buɗe bakin rago yana duba haƙora, ya dafa gadon bayansa, mai saye ya taya, mai rago ya kau da kai ya ce albarka. Mu nan darajar tunkiya nama ce da fata, sai ragon layya. A Ostareliya kuwa, gashin ne kuɗin.

Mutumin da za mu yi hirarsa yau, Francis Ormond, da gashin tumaki ya yi arziki. A Aberdeen ta ƙasar Sikotilan aka haife shi. Ubansa matuƙin jirgin ruwa ne, ya kwashi iyalinsa a farkon shekarun 1840 zuwa yankin da ake kira Victoria yanzu, lokacin yana hannun Turawan Ingila. Tun yana saurayi Ormond ya kama kiwo, har ya mallaki gandun Borriyalloak kusa da garin Skipton.

Kada ku ɗauka makiyayi ne irin namu, mai sanda a kafaɗa da malafa, yana bin ruwa da ciyawa zuwa arewa in damina ta faɗi. Shi mai gida ne. Dubban tumaki, ƴan ƙwadago masu yi musu aski, a danne gashin a ɗaure dila-dila, jirgi ya kai masaƙun Ingila. Filin kuma, a faɗi gaskiya, na ƴan asalin ƙasar ne, Turawa suka ƙwace suka zuba dabbobi. Wanda ya san tarihin zuwan Nasara garin nan a 1899 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ormond ya lura samarin da ke masa aiki ba su yi lakwal ba a wannan daji, sai ya buɗe musu aji a gandun, shi da kansa yake koyar da su. Daga nan abin ya shiga ransa. A 1881 aka buɗe Kwalejin Ormond a Jami'ar Melbourne, kuma abin da ya zuba mata ya haura fam 100,000.

Amma wadda ta fi burge ni ita ce makarantar ƴan ƙwadago. Ya ce zai ba da fam 5,000, da sharaɗi ɗaya: sai jama'a sun tara kwatankwacinsa. Kun ga dabara. Wanda ya sa kuɗinsa a gini ba ya barin ginin ya rushe. Ƙungiyoyin ma'aikata suka shiga karo-karo, a 1887 aka buɗe ta, kafinta da maƙeri da magini su tashi aiki da yamma su wanke hannu su shiga aji. Ya kuma ba Jami'ar Melbourne fam 20,000 don koyar da kiɗa.

Bai daɗe yana ganin abin da ya shuka ba. A 1889 ya rasu a garin Pau na Faransa. Waccan makarantar dare ita ce Jami'ar RMIT ta yau a birnin Melbourne, kuma mutum-mutuminsa yana nan tsaye a harabarta, a gefen titin La Trobe, ɗalibai na wucewa ta gabansa safe da yamma.