Ƙungiyar American Theatre Wing da Tarihinta

A kowace shekara, galibi cikin watan Yuni, ana taruwa a birnin New York domin raba kyautar Tony, wadda ita ce lambar yabo mafi daraja a fagen wasan kwaikwayo na dandamali a Amurka. Kyautar ta yi suna a duniya, amma ba kowa ya san ƙungiyar da ta ƙirƙiro ta ba, wato American Theatre Wing, wadda ba don neman riba aka kafa ta ba.

Tushenta ya faro ne a shekarar 1917, lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mata bakwai masu sana'ar dandamali, bisa jagorancin marubuciya Rachel Crothers, suka haɗa kai suna ɗinka tufafi, suna tattara abinci da kuɗi domin sojoji da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Crothers ta farfaɗo da aikin tare da Antoinette Perry, 'yar wasa kuma mai ba da umarni, inda suka fara da kai agaji Birtaniya, sannan suka mayar da hankali gida bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a 1941.

Aikin da ya fi fito da halin wannan ƙungiya shi ne Stage Door Canteen, wanda aka buɗe ranar 2 ga Maris 1942 a ɗakin ƙarƙashin wani gidan wasa da ke titi na 44 a New York. Soja zai shigo ba tare da biyan ko sisi ba, a ba shi abinci da kofi, ya kalli wasa, ba a kuma raba giya a wurin. Taurarin da jama'a ke biyan kuɗi su gani su ne ke ɗaukar faranti, su wanke kwanuka, su zauna hira da samarin da ke shirin tafiya fagen daga. Abin da ya fi burge ni shi ne, a zamanin da rundunar sojan Amurka ke ware baƙaƙe daga farare, wannan wuri ya karɓe su duka a zaure ɗaya. Daga baya an buɗe irinsa a wasu biranen Amurka, har da Landan da Paris.

Bayan yaƙi, a 1946, ƙungiyar ta buɗe makarantar koyar da sana'ar wasa ga sojojin da suka dawo. A shekarar ne Perry ta rasu, aka kuma sanya wa sabuwar kyautar laƙabinta, wato Tony, aka yi bikin farko ranar 6 ga Afrilu 1947 a otal ɗin Waldorf Astoria. Tun daga 1967 ake nuna bikin a talabijin a faɗin ƙasar, ana kuma shirya shi tare da Broadway League, ƙungiyar masu shirya wasanni da masu gidajen wasa na Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasa ta New York.

A yau, baya ga bikin, ƙungiyar tana ba ƙananan kamfanonin wasa da matasan marubuta waƙoƙin dandamali tallafin kuɗi, tana taimaka wa makarantun gwamnati da kayan aiki, tana ɗaukar nauyin karatun ɗalibai. Tun 2014 kuma tana da hannu a kyautar Obie, wadda ake ba masu wasa a ƙananan gidajen da ba na Broadway ba, inda sababbin marubuta da 'yan wasa suka fi samun damar gwada aikinsu a gaban jama'a.