Koyar da Manya Masu Shirin Jarrabawar GED a Amurka

Assalamu alaikum. Jama'a, an ce in yi bayani kan koyar da manya masu shirin jarrabawar GED, wato jarrabawar da ke ba wanda bai ƙare sakandare ba takardar shaida daidai da ta kammala sakandare, tunda cikinmu nan Bronx a birnin New York akwai masu digiri daga Kumasi, Yamai da Kano da za su iya aikin.

An ƙirƙiro jarrabawar a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda samarin da aka ɗauka soja ba su ƙare sakandare ba. Tun 2014 fanni 4 ne, kuma a kwamfuta ake yi: Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa. Kowane fanni sai an sami maki 145 cikin 200. Jihar New York ta koma wata jarrabawa makamanciyarta mai suna TASC a 2014, ta dawo GED a 2022, don haka tsohon littafin TASC ba na ɗora ɗalibi ba ne.

Batun takardun da ake nema wurin malami, kowace jiha da dokarta. Galibi digirin farko ake nema, wasu wuraren har da lasisin koyarwa. Fara da aikin sa kai a laburare ko cibiyar unguwa. Kuma yawanci aikin 'yan awoyi ne da yamma, kada kowa ya saki tasinsa tukuna.

To, ga inda gizo ke saƙa. Hajiya ce mai shekara 45, ta kwana jinyar wata tsohuwa, ta shigo aji da kayan aikinta a jaka. Ka rubuta mata 1/2 + 1/3, sai ta sunkuyar da kai ta shiga goge tabarau. Amma ita ce uwar adashen mata 20, ba ta taɓa ɓatar da dala ɗaya ba. Lissafin yana kanta, rubutunsa ne baƙo. Daga adashen nan za ka fara, ba daga shafin farko na littafi ba. Kuma don Allah kada ka fito da ita gaban allo ranar farko. Yaro in ya ji kunya, gobe uwarsa za ta koro shi makaranta. Babba kuwa shi ke nan, sai dai ku haɗu a masallaci yana kawar da kai. Ni a wurina, malamin da ajinsa ya watse bai iya ba, ko da digiri 3 gare shi. In ɗalibi ya yi fashi, buga masa waya, ka gaida iyali kafin ka ambaci karatu.

Sannan a zaunar da su gaban kwamfuta da wuri. Minti 45 ake bayarwa na rubutun insha'i, mai buga haruffa da yatsa ɗaya ba zai kai ko'ina ba. Na'urar lissafi TI-30XS ma su saba da ita tun a aji.

Ba dole a rubuta fannonin rana ɗaya ba. Gwajin TABE na ranar shiga zai nuna maka matakin mutum a karatu da lissafi. Tura shi ya fara da fannin da ya fi ƙarfi, ya ga ya ci ɗaya tukuna.

Alhaji, na ga hannunka can baya, bismillah.