Darasi: Silikon da ya dace da akwatin gilashi na gidan tarihi

Assalamu alaikum, masu aikin gilashi da ma'aikatan gidajen tarihi. Yau kan silikon za mu tsaya, wannan da ake matsawa a gaɓoɓin gilashi don kada iska da ƙura su shiga.

Kafin ka ɗora shi a bindigar matsa silikon, yanke bakinsa ka shinshina. In ka ji wari mai tsami irin na ruwan khal, ajiye shi. Na tagar gida ne da banɗaki. Yayin da yake bushewa yana fitar da sinadarin asid, kuma akwatin da aka toshe da kyau ba ya barin tururin ya fita. Sai ya zauna tare da kayan. Dalma ce ta fi shan wahala: za ka ga farin gari ya fito a jikinta, tana zagwanyewa. Tagulla takan yi kore-kore. Har kuɗin wuri da ƙwan jimina ba su tsira ba, asid yana cin su. A ce takobi ko kakaki ya shekara ɗari lafiya a fada, sannan hannunmu ya lalata shi, wallahi abin takaici ne.

To, wanne za a saya? Duba jikin kwalin, ka nemi inda aka rubuta "neutral cure", wato wanda ba ya fitar da asid. A cikinsu ma, mai suna "alkoxy" ya fi kwanciyar hankali, domin "oxime" yakan taɓa jan ƙarfe.

Rubutun kamfani kaɗai bai isa ba. A 1973 Andrew Oddy na gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya fito da wani gwaji. Ana rufe ɗan busasshen silikon a kwalba tare da 'yan guntayen azurfa, jan ƙarfe da dalma, da ɗigon ruwa, a zafin digiri 60 har kwana 28. In ƙarfen ya sauya launi, silikon ɗin ya faɗi.

Sai maganar haƙuri. Silikon da damshin iska yake bushewa, shi ya sa a lokacin hunturu, a Kano ko Damagaram, yakan ja lokaci. Samansa zai yi tauri a yini guda, cikinsa kuwa ɗanye. Matsa shi siriri, ka goge abin da ya wuce, sannan ka bar akwatin a buɗe aƙalla mako huɗu kafin a saka komai, ko da ranar buɗe baje kolin ta matso.