Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Masanin Taurarin Nutiron

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma babban baƙonmu Shehun Malami, shugaban tsangaya, malamai da ɗalibai, a madadin sashenmu na kimiyyar fiziks ina yi wa baƙonmu barka da zuwa, tare da sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, fannin da ka daɗe kana nazari a kai na neman amsar wata tambaya mai wuyar gaske: me ke cikin tsakiyar tauraron nutiron? Wannan tauraro ragowar wani babban tauraro ne da makamashinsa ya ƙare ya fashe, ya fi rana nauyi amma faɗinsa bai wuce kilomita 25 ba, har cikin cokalin shayi guda na abin da ke cikinsa kan kai tan biliyan ɗaya. A irin wannan matsi, masana na zaton nutiron ɗin kansa, wato ƙwayar tsakiyar atam da ta cika wannan tauraro, na iya wargajewa, ƙwayoyin kwak da suka haɗu suka samar da shi, waɗanda masana fiziks Gell-Mann da Zweig suka yi hasashensu a 1964, su fito su cakuɗe, kuma a 1984 Edward Witten ya nuna cewa irin wannan cakuɗe zai iya fin sauran abubuwa tabbata.

Babu ɗakin gwajin da ya iya haɗa irin wannan cunkoso mai sanyi a doron ƙasa, shi ya sa aikin ya koma hannun masu lissafi, waɗanda ke tsara alaƙar matsi da cunkoso, su zuba ta cikin lissafin Tolman, Oppenheimer da Volkoff na 1939, su ga irin tauraron da zai fito. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin ba ya cin karensa babu babbaka. Da aka auna wani tauraron nutiron mai kusan ninki biyu na nauyin rana a 2010, tsare-tsare da dama suka rushe nan take, sannan karon taurarin nutiron biyu da na'urorin gano igiyoyin maganaɗisun nauyi (gravity) na LIGO da Virgo suka gano ranar 17 ga Agusta, 2017 ya ƙara taƙaita girman da za a yarda da shi.

Ɗalibanmu ba su da manyan na'urori, amma wannan aiki alƙalami da kwamfuta yake buƙata, don haka suna ɗokin jin yadda kake gina tsarinka da inda yake gamuwa da cikas. Bismillah, ranka ya daɗe, dandali naka ne.