Wanda ya sha, wa zai kai shi gida? Lacca ga ɗaliban jami'a a Yamai

Assalamu alaikum, ƴaƴana ɗalibai. Hukuncin giya a addini kun san shi, wannan fagen malamai ne. Ni zancena shi ne yadda yaron da ya riga ya sha zai tsallake Gadar Kennedy ya koma Harobanda, unguwar da jami'a take, da ransa.

Babbar kwalbar giya mai santilita 65 tana ɗauke da barasa kusan giram 26. Hanta kuwa abin da take iya narkarwa a awa bai wuce giram 10 ba. Wanda ya shanye kwalba uku da tsakar dare, har gari ya waye da saura a jininsa. Shayi mai ɗaci, kofi, wanka da ruwan sanyi, duk ido kawai suke buɗewa. Tramol ya fi muni: likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun zarce, kuma yana kawo farfaɗiya. In aka haɗa da giya, numfashi na iya tsayawa.

To, kiran mota ta waya ya raba shi da tuƙi, madalla. Amma a ina ake yin kuskure? A shirya tun kafin a fita: waya da caji, lambar direban taksi da aka sani, kuɗin komawa a aljihu na daban. Wanda kansa ya ɗau zafi ba ya iya wannan lissafi.

Kabu-kabu kuwa, a'a. Fasinjan babur shi ma aiki yake yi, yana riƙewa, yana bin kwana da jikinsa. Mai maye barci yake, sai ya zame, galibi ba hular kwano.

Idan motar ta zo, mai cikakken hankali ya duba lambarta, ya tura wa wani, ya shiga tare da shi. Ƴan mata, wannan ya fi shafar ku: kada ku saka ƙawarku ita kaɗai.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bayan an sauka. Ku kwantar da shi ta gefe, kada rigingine, don amai na shaƙe mutum. In kun girgiza shi bai farka ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko leɓɓansa sun sauya launi, ku kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, ko ku wuce asibitin Lamorde, ku gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha da lokacin.