Ciwon Firgici: Yadda Ake Bin Sawunsa Cikin Dangi

Haka kawai wata mata, ba abin da ya tsorata ta, zuciya ta kama dukan uku-uku, gumi ya karyo, numfashi ya sarƙe, ta ji kamar ajali ne ya zo. Cikin minti 10 abin ya kai maƙura, sannan ya lafa. Bayan shekaru 'yarta ta fara, sai a ce iskar gidan ce. Idan yana maimaituwa, mutum ya yi wata guda cikin zullumin dawowarsa, likitoci na kiransa ciwon firgici. Mata sun ninka maza wajen kamuwa.

To, gado ne? Masu bincike sukan fara da rubuta zuriya: kakanni, iyaye, 'ya'ya, wa ke ɗaki ɗaya da wa, su wane ne 'yan uba, ina aka yi auren zumunci, domin duk wannan yana canja lissafi. Sai a tambayi kowa shi kaɗai, don matar gida ba za ta faɗi damuwarta gaban surukarta ba. A nan aiki ya fi lalacewa: ciwon maƙoƙo, asma, ciwon zuciya, yawan goro da shayi, ko daina tramadol, duk suna kawo bugun zuciya irin wannan. In ba a tace su ba, an ƙirga wanda ba shi da ciwon. Sai daga baya a ɗauki jini ko yawu domin binciken ƙwayoyin gado.

A Iowa ta Amurka, a 1983, an samu ciwon a jikin kusan 17 cikin 100 na iyaye, 'yan'uwa da 'ya'yan masu shi. A sauran gidaje bai kai 2 ba. Amma 'yan gida ɗaya tukunya ɗaya suke ci, wahala ɗaya suke sha. Shi ya sa aka koma kan tagwaye, ana gwada 'yan ƙwai ɗaya da 'yan ƙwai biyu. Da aka haɗa binciken a 2001, rabon gado ya kama kusan kashi 40 cikin 100. Sauran daga rayuwa ne: rashi, tashin hankali, firgitar ƙuruciya.

Ƙwayar gadon, wato ƙwayar halittar da iyaye ke miƙa wa 'ya'ya, ita ce ta ƙi kamuwa. A 2011 masana a Jamus sun nuna wata mai suna TMEM132D, amma tasirinta kaɗan ne. Alamu sun nuna ƙwayoyi ne masu yawa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Wannan ba sikila ba ne da za a ce AS ko SS. Babu gwajin jinin da ke nuna shi, don haka kada a fasa auren yarinya saboda mahaifiyarta na fama. Kuma yawancin waɗanda aka gwada Turawa ne, abin da ya kamata ya dame mu.

Idan za ku asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure, ku tafi da amsar tambaya uku: wa ya taɓa yi a dangi, yana shekara nawa ya fara, me yake sha. Ana magance shi da zaman tattaunawa da kuma ƙwayoyin magani, waɗanda kan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, don haka kada a yar da su a satin farko.